Waya ko kyamara, Agusta ko Disamba: me zai kama maka faɗuwar taurari a hoto?

Duk wanda ya taɓa kwanciya rigingine a fili cikin duhun wata, ya ga tauraro ya tsinke ya ja zaren haske ya ɓace, ya san cewa kafin ka taɓa na kusa da kai ka ce "duba!" abin ya zama labari. A kan wannan gaggawar duk wani zaɓi na mai son ɗaukar hotonsa ya rataya. Mutane kan tambaya ko wayar da ke aljihunsu ta isa ko sai sun nemi kyamara, wane gilashi za su ɗaura mata, kuma a wane dare na shekara ya kamata su sadaukar da barcinsu. Tambayoyi uku ne, amma amsarsu daga wuri ɗaya take fitowa, don haka sai mun fara sanin abin da muke farauta.

Abin da muke kira faɗuwar tauraro ba tauraro ba ne. Ɓarɓashi ne, yawancinsa daga girman ƙwayar yashi zuwa 'yar tsakuwa, wanda taurari masu wutsiya ke zubarwa a hanyarsu ta zagaya rana. Duniya tana ratsa wannan hanyar a lokaci guda kowace shekara, sai ɓarɓashin ya afko cikin iskar da ke lulluɓe da mu da gudun kilomita 11 zuwa 72 a sakan ɗaya, ya ƙone a can sama, kamar kilomita 80 zuwa 120 daga ƙasa. Daren da suka yawaita shi ne ruwan taurari. Idan ka bi sawun kowane zare baya, za ka tarar duk daga wuri ɗaya a sarari suke fitowa, kuma wannan wurin zan riƙa kiransa maɓuɓɓuga. Giovanni Schiaparelli, masanin taurari ɗan Italiya, shi ne a 1866 ya nuna cewa ruwan taurarin watan Agusta yana bin hanyar tauraruwa mai wutsiyar nan Swift-Tuttle, wadda aka gano shekara huɗu kafin nan.

Wanda ya saba ɗaukar hoton taurari na yau da kullum ya san ƙa'ida ɗaya: ka bar ƙyauren kyamara a buɗe ya daɗe, haske ya taru, tauraro ya fito. Wannan ƙa'idar ba ta aiki a nan. Yawancin zaren ba sa kai sakan ɗaya. Idan ka buɗe ƙyaure na sakan 30, rabin sakan kawai zaren ya ba ka haskensa, sauran sakan 29 da rabi kuwa sararin sama ne ke ta zuba nasa dishi-dishin hasken a kan wurin da zaren ya bi, har ya kusa binne shi. Tsawaita lokaci yana ƙara yiwuwar wani abu ya gilma a cikin hoton, amma ba ya ƙara wa abin da ya gilma haske ko kaɗan. Abin da ke ƙara masa haske shi ne faɗin kafar da haske ke shiga ta cikin gilashi. Abin da ke sa ya fito sarai shi ne duhun sararin. Abin da ke sa ka dace da shi kuwa shi ne yawan hotunan da ka jera ba tare da tazara ba. Da waɗannan ukun nake auna komai a ƙasa.

Mu fara da waya, tunda ita ce kowa ke da ita. Lissafin faɗin kafar haske mai sauƙi ne: ka ɗauki lambar milimita ta gilashi, ka raba ta da lambar da ke bayan harafin f. Babbar kyamarar waya ta zamani tana da gilashi na ainihi mai milimita 6 ko 7, a kan f/1.8 ko kusa da haka, wato kafarta ba ta wuce milimita 4 ba. Gilashin kyamara mai milimita 24 a kan f/1.4, wanda yake ganin faɗin sama kusan daidai da na wayar, kafarsa milimita 17 ce. Da yake yawan haske da girman filin kafar gaba ɗaya yake tafiya, ba da faɗin bakinta kawai ba, bambancin ya kai ninki ashirin. Zaren da zai fito tsaf a kyamarar, a wayar ko alamarsa ba za ka gani ba.

Wani zai ce ai wayoyin yanzu suna ɗaukar taurari da kyau, kuma gaskiya ne. Tun daga Pixel 4 a 2019 wayoyin Google ke da tsarin ɗaukar taurari wanda yake kai minti huɗu, iPhone kuma tsarinta na dare yana kai sakan 30 idan an kafe ta ba ta motsi. Sai dai dabarar da ke sa su yi kyau ita ce ke cutar da mai farautar zare. Wayar ba hoto ɗaya take ɗauka ba. Gajerun hotuna take ɗauka da yawa, ta ɗora su a kan juna, ta fitar da matsakaicinsu. Tauraro yana nan a cikin kowane ɗaya, don haka sai ya ƙara fitowa, yashi-yashin hoton kuma ya ragu. Zaren kuwa a hoto ɗaya kaɗai ya bayyana cikin, misali, goma sha biyar da aka ɗauka, saboda haka ko dai ya dusashe a wajen haɗawa, ko manhajar ta ɗauke shi a matsayin motsin da ya ɓata hoto ta share shi. Bayan haka akwai lokacin da wayar ke ɗauka tana sarrafa hoton, kana tsaye kana kallon allo, sama kuma ba ta jiran kowa.

Duk da haka ban yarda a ce wa mai waya ya zauna a gida ba. Wayoyi da yawa masu Android, har da na Samsung, suna da tsarin da ke ba ka damar saita komai da hannunka: ka sa ƙyaure a sakan 10 zuwa 15, ka ɗaga ISO, wato lambar da ke ƙara wa hoto haske, zuwa 1600 ko 3200, ka kafe ganinta a nesa, ka samu manhajar da za ta riƙa danna maka hoto bayan hoto. Da haka, a dare mai albarka, manyan dunƙulen wutar nan da ke haska fili har ka ga inuwarka za su shiga. Su kaɗai ne rabon waya, kuma ba su da yawa. Idan burinka ka kwana a waje ka kalla da idonka, ka dawo da hoto ɗaya ko biyu idan an dace, waya a kan mazauni mai ƙafa uku ta wadatar, ka dai haɗa ta da batirin waje don awa uku na wannan aikin kan shanye cajinta. Ƙananan kyamarorin GoPro ma suna cikin wannan sahun: ganinsu yana da faɗi ƙwarai, suna jera hotunan dare da kansu, amma manyan kaɗai suke kamawa. Idan kuwa hoton da ke ranka shi ne wanda zare ashirin ke fitowa daga wuri ɗaya kamar an watsa tsintsiya, waya ba za ta kai ka can ba.

A nan ne nake son in tsayar da mai shirin sayen kyamara, don akwai ramin da ake yawan faɗawa. Yawancin ƙananan kyamarori suna zuwa da gilashi mai milimita 18 zuwa 55, wanda iyakar buɗewarsa f/3.5 ce. Raba 18 da 3.5, ka samu milimita 5 da 'yan kai. Kwatanta da milimita 4 na waya. Hasken da yake tarawa bai kai ninki biyu na wayar ba. Mutum ya kashe kuɗinsa ya sayi sabuwar kyamara, ya kwana a sanyi, ya dawo da abin da bai fi na wayarsa da yawa ba, sai ya ɗauka laifin hannunsa ne. Tsohuwar kyamara mai shekara goma da gilashi mai buɗewa sosai ta fi sabuwa fil da wannan gilashin da aka haɗo ta da shi. Idan kuɗin ba zai isa duka biyun ba, a zuba shi a gilashi.

To wane gilashi? Nan ne gardamar take da daɗi, domin ɓangarorin biyu kowa yana da hujja. Zan ɗauki biyun da aka fi amfani da su a kan kyamara mai cikakken farantin haske (abin da hoto ke sauka a kansa a cikin kyamara), wato mai milimita 36 da 24: na farko milimita 14 a kan f/2.8, na biyu milimita 24 a kan f/1.4. Kamfanin Samyang, wanda a wasu wuraren ake sayar da kayansa da sunan Rokinon, yana yin duka biyun, kuma da hannu ake saita ganinsu, abin da ba ya rage komai a aikin dare.

Mai milimita 14 yana ganin digiri 104 a kwance da 81 a tsaye, kusan kashi ɗaya cikin uku na duk saman da ke kanka. Mai milimita 24 yana ganin digiri 74 da 53, kamar kashi ɗaya cikin shida. Da wannan kaɗai sai ka ce na farko ya ci, tunda tarunsa ya ninka na biyu faɗi. Amma kafarsa milimita 5 ce, ta ɗayan kuma 17. Ko bayan an cire abin da gilashi mai tsawo ke asara, saboda zaren yana ratsa farantinsa da sauri, haskensa ya bazu a kan ɗigo da yawa, mai milimita 24 yana rubuta zaren da haske kusan ninki bakwai. Masana taurari suna auna haske da mataki-mataki, kowane mataki ninki biyu da rabi ne na wanda ke ƙasa da shi, don haka ninki bakwai kamar mataki biyu ke nan. Ƙananan zare kuma sun fi manya yawa nesa ba kusa ba: duk mataki ɗaya da ka sauka, adadinsu yana ninkuwa sau biyu da wani abu. Mataki biyu sai ya ba ka ninki biyar ko fiye. Raba shi biyu saboda ƙarancin faɗi, har yanzu mai milimita 24 yana gaba da ninki biyu zuwa uku a yawan abin da zai kama.

Sai dai yawa ba shi ne komai ba. Babban dunƙulen wuta, irin wanda ke ratsa rabin sama ya bar hayaƙi mai haske yana murɗewa na tsawon mintoci, ba ya buƙatar kafa mai faɗi, ko waya tana ganinsa. Abin da yake buƙata shi ne ya faɗo cikin hoton, kuma ya faɗo dukkansa. A nan mai milimita 14 ke da damar ninki biyu, ga shi kuma ba kasafai yake yanke wa zare kai ko wutsiya ba. Babu abin da ya kai ɓacin ran ganin zaren da ya fi kowane kyau a daren ya fita ta gefen hoto, rabinsa kawai ya rage maka. Haka nan gilashi mai faɗi yana ba ka wurin sa dutse ko bishiya a ƙasan hoto, tare da maɓuɓɓugar a sama, abin da ke sa mai kallo ya ji girman al'amarin. Kuma yawancin gilasai masu f/1.4, idan aka buɗe su gaba ɗaya, taurarin da ke kusurwar hoto kan fito da fukafukai kamar ƙananan tsuntsaye, sai an rufe zuwa f/2 suke daidaita. A f/2 ribar nan ta ninki bakwai ta koma uku da rabi, kuma tazarar da ke tsakanin gilasan biyu ta ragu sosai.

Ni dai idan gilashi ɗaya zan ɗauka, mai milimita 20 a kan f/1.8 zan ɗauka, wanda Nikon da Sony duk suna yi. Kafarsa milimita 11 ce, faɗinsa kuma digiri 84 a kwance, ya tsaya a tsakani ba tare da ya yi babbar asara ta kowane gefe ba. Ga mai ƙaramin faranti, wanda ake ninka lambar gilashinsa da 1.5, ko 1.6 a Canon, don kwatanta faɗin ganinsa da na cikakken faranti, gilashin Sigma mai milimita 16 a kan f/1.4 yana ba da faɗin milimita 24 da kafa mai milimita 11, kuma shi ne dalilin da ya sa ba na ganin dole sai an sayi babban faranti. Gilashi mai milimita 50 ko sama da haka kuwa a bar shi a jaka, sai dai ga mai kyamara ta biyu. Madubin hangen taurari ma haka, ɗan ƙaramin wuri yake gani.

Batun jikin kyamara ba ya buƙatar dogon zance. Mai madubi a ciki ko marar madubi, duk ɗaya ne ga zaren. Tsofaffin masu madubi batirinsu ya fi jurewa, marasa madubi kuma sun fi sauƙin saita gani a duhu, wasunsu suna da ƙyauren lantarki da ba ya lalacewa da yawan dannawa. Abin dubawa shi ne ta iya jera hotuna da kanta, ko ta karɓi 'yar igiyar nan mai maɓallin dannawa da za ka kulle. Ka kashe tsarin rage yashi-yashi na dogon ɗauka, domin bayan kowane hoto yana rufe ƙyaure ya sake ɗaukar wani baƙi mai tsawo iri ɗaya, wato rabin darenka kyamarar makauniya ce. Ka ɗauka a tsarin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba. Tsohuwar ƙa'ida ta ce a raba 500 da lambar gilashi don sanin sakan nawa za a buɗe kafin taurari su fara jan layi: sakan 35 ga milimita 14, sakan 20 ga milimita 24. A kyamarorin yanzu masu ɗigo da yawa gara ka rage zuwa 20 da 10, kuma ka riga ka san gajartawar riba ce ga zaren. ISO 1600 zuwa 6400, gwargwadon duhun wurin. A sakan 15, awa huɗu hoto 960 ne, idan kowane ya kai megabait 30 kana buƙatar kusan gigabait 30 a memori. Ka saita gani da hannu a kan tauraro mafi haske, ko Zara idan tana nan, ka ƙara girmansa a allo har ya koma ɗan ɗigo, sannan ka liƙe zoben da salatif.

Akwai na'urar da ke juya kyamara tana bin taurari, tunda sama tana gusawa digiri 15 a kowace awa. Tana sauƙaƙa haɗa zare da yawa a hoto ɗaya daga baya, domin taurarin ba sa barin wurinsu. Ga mai farawa ban ga ya dace ba: ƙarin kaya ne, ƙarin saiti a duhu, kuma manhajar kwamfuta tana iya daidaita hotunan da aka ɗauka a kan ƙafa uku zalla.

Sai zaɓin dare, wanda a ganina ya fi na kayan aiki nauyi. Manya biyu ne ke takara. Perseid yana kai ƙololuwa a daren 12 zuwa 13 ga Agusta, ɓarɓashin Swift-Tuttle ne, wadda ke zagaya rana cikin shekara 133 kuma rabonta da kusantarta tun 1992. Geminid yana zuwa a daren 13 zuwa 14 ga Disamba, shi kuma asalinsa daban ne, daga wani dutsen sararin samaniya yake mai suna 3200 Phaethon, wanda tauraron ɗan'adam na IRAS ya gano a 1983. Ƙungiyar IMO mai bibiyar faɗuwar taurari, wadda aka kafa a 1988 kuma take fitar da jadawali kowace shekara, tana ba Perseid kimanin 100 a awa, Geminid kuma 150. A yi hattara da waɗannan lambobin. An lissafa su ne a kan sama mai duhu ƙirin da maɓuɓɓuga a tsakar ka daidai. Idon mutum a zahiri rabin haka yake samu ko ƙasa, kyamara kuma wani yanki na sama kawai take kallo, masu haske kaɗai take rubutawa. Kada ranka ya ɓaci idan cikin hoto dubu ka tsinci goma sha wani abu.

Perseid ya fi suna, musamman saboda yana faɗowa a lokacin ɗumi a arewacin duniya, inda kwana a waje ba wahala ba ce. Yana shigowa da gudun kilomita 59 a sakan, kuma wannan gudun ne ke ba shi kyansa a hoto: zaren kan fara da kore ya ƙare da ja-ja, manyansa kuma suna yawan barin sawun da ke ci gaba da haske bayan sun wuce. Amma gudun nan shi ne kuma cikas, don abin da ya wuce da sauri ɗan haske yake bari a kowane ɗigo. Geminid kilomita 35 yake yi a sakan. Ya fi jinkiri da kusan ninki ɗaya da kashi bakwai cikin goma, saboda haka zare biyu masu haske iri ɗaya a ido, na Disamba ya fi fitowa a kyamara. Ga mai waya ko mai gilashi mai ƙaramar kafa, wannan bambancin shi ne tsakanin samu da rashi.

Akwai kuma batun inda maɓuɓɓugar take. Ta Perseid tana can arewa, digiri 58 daga layin da ya raba sama gida biyu, arewa da kudu. Wanda ke Turai ko arewacin Amurka yana ganinta kusan duk dare, wanda ke kusa da tsakiyar duniya sai bayan tsakar dare take ɗago masa, wanda ke can kudu kamar Ostireliya ko Ajantina kuwa kusan ba shi da rabo. Ta Geminid tana digiri 33, kusa da tauraron Castor, tana fitowa tun farkon dare, ta kai ƙololuwa wajen ƙarfe biyu, kuma kusan duk duniya tana samun wani abu daga gare ta. Yawancin ruwan taurari sai gab da asuba suke kankama, domin a lokacin ne gefen duniyar da kake ke fuskantar inda take dosa. Geminid yana cikin 'yan kaɗan da ke ba ka aiki tun ƙarfe goma na dare. Farashinsa a arewacin duniya sanyi ne, wanda ke kashe batir ya kuma ƙage yatsu. Da za a ce in zaɓi dare ɗaya a shekara, na Disamba zan ɗauka, sai fa idan a inda kake watan girgije ne. Wannan kai kaɗai ka san shi, kuma girgije ya rinjayi duk lissafin da na kawo.

Sauran a taƙaice. Quadrantid na 3 zuwa 4 ga Janairu yana iya kai na Agusta yawa, amma ƙololuwarsa 'yan awoyi ce, idan ta faɗo da rana a wajenku shi ke nan sai baɗi. Eta Aquariid na 5 zuwa 6 ga Mayu da Orionid na wajen 21 ga Oktoba duk ɓarɓashin tauraruwar Halley ne, masu gudun kilomita 66, kuma na Mayu ya fi kyau ga mutanen kudu da na tsakiyar duniya, a awa biyun da ke gaban alfijir. Leonid na tsakiyar Nuwamba shi ne mai tarihin ambaliya a 1833 da 1966, da kuma 1999 da 2001, amma a shekarun da ba na ambaliya ba goma zuwa goma sha biyar ne a awa, ga shi ya fi kowa gudu da kilomita 71. Wanda nake wa kallon an raina shi ne Taurid, na ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba, wanda ɗaya daga cikin maɓuɓɓugansa biyu take kusa da Kaza da 'Ya'yanta. Biyar ne kawai a awa, amma a hankali suke tafiya, ƙasa da kilomita 30, kuma ana yawan samun manyan dunƙule a cikinsu. Nan ne gilashi mai faɗi da haƙuri ke biya.

Wata yana iya rushe duk wannan zaɓin. Farin wata a tsakar sama yana goge ƙananan zare gaba ɗaya, kuma da yake watanni goma sha biyu na wata sun gaza shekarar rana da kwana 11, yanayinsa a ranar ƙololuwa yana sauyawa kowace shekara. Ga wani ɗan lissafi mai amfani: daga 12 ga Agusta zuwa 14 ga Disamba kwana 124 ne, wato zagayen wata huɗu da ƙarin kusan kwana shida. Duk kwanan da wata yake a daren Perseid, ƙara masa shida ka samu na daren Geminid. Shekarar 2026 misali ce mai kyau: 12 ga Agusta ta zo daidai da husufin rana, wanda ba ya faruwa sai a duhun wata, a Disamba kuma wata bai wuce kwana biyar ko shida ba, zai faɗi tun kafin maɓuɓɓuga ta yi sama. Shekarar da wata ya cika a Agusta kuwa, a Disamba yana da kwana ashirin ko ashirin da ɗaya, zai fito kafin tsakar dare, sai ka yi aikinka a awoyin farko kafin ya ɓullo.

Hasken gari kamar wata ne da ba ya faɗuwa. John Bortle ya tsara ma'auni a 2001 daga 1, duhu ƙirin, zuwa 9, tsakiyar babban birni, kuma akwai taswirori a intanet da ke nuna matakin kowane wuri. Tafiyar da za ta sauke ka daga 7 zuwa 4 ta fi duk wani gilashi da za ka saya. Idan ka isa, kada ka nufi maɓuɓɓugar kai tsaye, domin zaren da ke kusa da ita gajeru ne, kamar kibiyar da ta nufo ka. Kauce mata da digiri 40 zuwa 60, ko ka ajiye ta a kusurwar hoto, ka bar sauran filin ga masu tsawo. Raɓa tana sauka a gilashi ba tare da ka lura ba, sai da safe ka tarar da hoto ɗari uku duk hazo. Ɗan ɗamarar ɗumama gilashi mai aiki da batirin waje tana maganin wannan. Ido yana buƙatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, kallon allo sau ɗaya kuma yana mayar da kai farko, don haka ka yi amfani da jar fitila, ka bar kyamara ta yi aikinta, kai ka kwanta ka kalla.

Da safe, wajen tantance hotuna, ba duk layi ne zare ba. Tun da aka fara harba jerin taurarin ɗan'adam na Starlink a 2019, sama ta cika da layuka, musamman bayan faɗuwar rana da gab da alfijir. Duba hoton da ke gaba da wanda ke baya. Idan layin ya ci gaba a cikinsu, tauraron ɗan'adam ne. Idan ɗigo-ɗigo ne ja da fari a jere, jirgin sama ne. Zaren gaskiya a hoto ɗaya yake, yana farawa siriri ya yi kauri ya mutu, sau da yawa da launi a jikinsa, kuma idan ka ja layi daga wutsiyarsa baya zai kai ka maɓuɓɓuga. Wanda ya cika sauran sharuɗɗan amma bai nufi can ba, ɗan tsinke ne da ba na wannan ruwan ba, irinsu suna faɗowa kowane dare. Ajiye shi a matsayin hoto mai zaman kansa, kada ka cusa shi cikin haɗin. Idan kuma ka samu babban dunƙule, kada ka goge hotuna goma ko ashirin da ke biye da shi ko da sun yi kama da babu komai. Ƙara musu haske a kwamfuta ka duba wurin da ya bi, sau da yawa hayaƙinsa yana nan, iskar can sama tana lanƙwasa shi daga hoto zuwa hoto.